Yadda kwamitin makaranta zai kashe kuɗin tallafi har a gani a karatun yara

Kuɗi yana shiga makarantun firamare na Jihar Katsina ta ƙofofi uku, kuma ɗaya ce kaɗai ke hannun kwamitin kula da makaranta, wato SBMC. Ƙofa ta farko ita ce albashin malamai. Ita ce mafi girma, daga kason ƙananan hukumomi ake cire ta, a biya ta hannun SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da ofisoshin sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi 34. Ta biyu ita ce kuɗin UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na babban asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin shekara tara na farko, kuma jiha ba ta karɓar kasonta na gine-gine sai ta ajiye nata daidai da shi. Wannan kuɗin galibi kwangila yake zama, makaranta sai dai ta ga an sauke bulo. Ta uku ita ce tallafin da ke faɗawa kai tsaye cikin asusun kwamiti. An ga irinsa a Katsina a ƙarƙashin shirin GEP3 na UNICEF, da NIPEP, da kuma, a makarantun sakandare, AGILE, shirin Bankin Duniya na dala miliyan 500 da aka amince da shi a 2020, wanda Katsina ke cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga. A cikin wannan ƙofar ne ake lissafa gudunmawar tsofaffin ɗalibai da ta masu hali na gari.

Wannan kuɗi na uku shi ne mafi ƙanƙanta, amma shi kaɗai ne mutanen da suka san sunayen yaran suke yanke hukunci a kansa. Saboda haka a kansa za mu tsaya.

Shin kuɗi yana ƙara karatu?

Yana ƙarawa, amma ba kowane kashewa ba. A Amurka an bi diddigin yara na shekaru masu yawa, aka gano cewa ƙarin kashi 10 cikin 100 a kan abin da ake kashe wa ɗalibi, idan ya ɗore shekara 12, yana ƙara masa zurfin karatu da abin da yake samu bayan ya girma, kuma 'ya'yan talakawa ne suka fi amfana. Don haka mai cewa kuɗi ba shi ne matsala ba bai faɗi daidai ba.

Sai dai gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashen da suka fi kama da tamu sun nuna inda kuɗin ke nutsewa. A yammacin Kenya, a shekarun 1990, an raba wa makarantu littattafai, amma makin da ya tashi na yaran da dama su ne kan gaba ne kawai. Littattafan da Turanci aka rubuta su, sauran yaran kuwa ba su iya karanta su ba. A Saliyo an kai littattafai, shugabannin makarantu da dama suka kulle su a ma'aji domin ba su san ranar da za a sake kawo wasu ba. A Tanzaniya an gwada a makarantu 350: tallafin kuɗi shi kaɗai bai ɗaga sakamako ba, sai a makarantun da aka haɗa shi da tukuicin da ake ba malami gwargwadon abin da yaransa suka iya. A maƙwabciyarmu Nijar ma an ba kwamitocin makarantu kuɗi, iyaye sun ƙara shiga harkar makaranta, an yi gyare-gyare, amma makin jarrabawa bai motsa ba.

Abin da waɗannan suka haɗu a kai shi ne, naira ba ta zama karatu sai ta canza abin da ke faruwa tsakanin malami da yaro a cikin aji. Duk abin da kwamiti zai saya, a tambaya: wane yaro ne wannan zai sa ya iya abin da bai iya ba, kuma a wane wata za mu gani?

Ku auna karatun yaran kafin ku taɓa ko kwabo

Yawancin kwamitoci suna fara zama ne da zagaya gini, domin tsagewar bango kowa yana ganinta. Yaron aji huɗu da bai iya haɗa baƙi da wasali ba kuwa ba a ganinsa, musamman a ajin da ake karatu da amshi. Malam ya faɗa, yara saba'in su maimaita da ƙarfi, wanda ke wucewa ta bakin taga ya ɗauka kowa yana karatu. Katin sakamako ma ba ya tona wannan, domin na ɗaya da na ƙarshe kawai yake nunawa.

Ga gwajin da kwamiti zai iya yi da kansa da takarda ɗaya. A rubuta da Hausa, da manyan haruffa masu kyau, matakai biyar: baƙaƙe da wasula goma a warwatse, ba a jeren abacada ba, gaɓoɓi goma irin su ba, ki, ɗu, tsa, ƙwa, kalmomi goma na yau da kullum, ɗan sakin layi mai jimla huɗu, sai gajeren labari mai jimla takwas zuwa goma da tambayoyi biyu a ƙarshensa. Kada a ciro ko ɗaya daga littafin da yaran ke amfani da shi, domin yaranmu gwanayen hadda ne, za su karanto shafi ba tare da sun dube shi ba.

A zaunar da yaro shi kaɗai, a inuwa, ba bulala a kusa. A fara masa da sakin layi. Idan ya karanta da kuskuren da bai wuce uku ba, a hau da shi zuwa labari. Idan ya kasa, a sauko zuwa kalmomi, sannan gaɓoɓi, sannan baƙaƙe, kuma a kowane mataki ya zaɓi biyar ya karanta, in ya samu huɗu ya wuce. A rubuta sunansa a mataki mafi girma da ya iya. Lissafi ma haka: gane lamba daga 1 zuwa 9, daga 10 zuwa 99, ɗebewa mai aro irin 52 a cire 27, sai rabawa.

Yaro ɗaya yana cin kamar minti biyar. A ɗauki yara 20 daga kowane aji, daga aji biyu zuwa aji biyar, maza goma mata goma, ta hanyar tsallaken suna a rajista, misali kowane suna na uku. Kada a bar malamin aji ya zaɓo, domin zai turo gwanayensa, kuma ba laifinsa ba ne, kowa yana son a ga aikinsa da kyau. Saboda wannan dalilin ne ma ba shi zai yi gwajin ba. Mutum huɗu daga cikin kwamiti ko tsofaffin ɗalibai za su gama yara 80 cikin awa biyu. A gaya wa malamai tun da wuri cewa ba tarko ba ne, kuma ba za a kai sunan kowa ofis ba. Idan suka ji tsoro, za su koya wa yaran takardar, lissafin ya lalace.

A wannan makon kuma a ƙirga abu uku: yara nawa ke cikin aji da ƙarfe goma na safe idan aka gwada da na rajista, azuzuwa nawa ne malami yake ciki yana koyarwa a lokacin, da kuma yara nawa ne ke da fensir da littafin rubutu a hannu. A yi ƙirgar a ranaku uku daban-daban, ɗaya ta zama ranar kasuwar garin. Waɗannan alƙaluma su za su rubuta muku kasafi.

Abin da za a fara saya

A ce makaranta mai yara 400 ta samu naira miliyan ɗaya. Naira 2,500 ke nan ga kowane yaro a shekara, kuɗin da ba ya gina aji, amma yana iya sauya karatun ƙananan azuzuwa. Idan takardar sharuɗɗan tallafin ba ta ɗaure ku ba, ga rabon da muke ganin ya fi: 350,000 littattafan karatu da kayan rubutu, 150,000 darasin cike giɓi ga yaran da aka bari a baya da kayan aikin malamai, 300,000 gyaran rufi da allo da daɓe, 100,000 ruwa da makewayi, 50,000 takardu da kuɗin mota da cajin banki, 50,000 a ajiye saboda iskar farkon damina. Sakamakon gwajinku zai iya karkata rabon. Amma ku karanta takardar sharuɗɗan a gaban kowa tukuna, domin wasu shirye-shiryen na gini ne kawai, wasu kuma sun hana biyan albashi ko alawus da kuɗinsu, kuma saɓa wannan yana iya jawo a hana makaranta kaso na gaba.

A wajen littattafai, kuskuren da aka fi yi shi ne sayen kwafi biyar-biyar na kowane darasi daga aji ɗaya zuwa shida, a jera a ofishin hedimasta. Gara a tattara kuɗin a wuri ɗaya. Littafin koyon karatun Hausa ya zama kowane yaro na aji ɗaya zuwa uku yana da nasa, na lissafi kuma yara biyu su haɗa ɗaya. Yaron da ya iya karatu da harshen da yake magana da shi yana ɗaukar dabarar haɗa sauti ya tafi da ita zuwa Turanci. Wanda aka fara wa da harshen da bai sani ba yana fama da abu biyu a lokaci ɗaya. Shirin RANA da aka gudanar a Katsina da Zamfara ya horar da malamai a kan koyar da karatu da Hausa, don haka ku tambaya ko a cikin malamanku akwai wanda ya samu wannan horon, kuma ko littafin jagoran malami na shirin yana nan a wata durowa. Idan matakin yawancin 'yan aji huɗu bai wuce gaɓa ba, to littafin aji biyu za a saya musu, ko da kuwa wasu za su ga kamar ci baya ne.

Ku nemi jerin littattafan da hukumar ilimi ta jiha ta amince da su. Ku buɗe katan a gaban mai sayarwa, ku duba kwafi goma daga tsakiya: bugun satar fasaha yana da dusasshen rubutu, da shafuka da suka ɓace ko suka maimaitu, kuma ɗinkinsa yana warwarewa cikin zango ɗaya. A ƙara kashi ɗaya cikin goma a kan adadin da ake buƙata saboda ɓata da yagewa. A buga hatimin makaranta a bango da shafi na tsakiya, a ba kowane kwafi lamba, a rufe shi da leda ko takardar buhun siminti. Ajiyarsu a akwatin ƙarfe a cikin ajin, mabuɗi a hannun malamin aji, akwatin kuma a ɗora shi a kan bulo saboda gara da danshi. Kwamiti ya rubuta a cikin bayanan zamansa cewa ba za a ci tarar malami ba don littafi ya tsufa a hannun yara. Muddin malami yana tsoron a tuhume shi, littafin ba zai fito ba. Duk littafin da ya shekara yana sabo fil, asara ce.

Fensir da littafin rubutu kuwa kada a raba su duka a rana ɗaya. A raba a farkon kowane zango, a bar ragowa a aji saboda wanda ya zo hannu wofi.

Awa ɗaya ta cike giɓi

Wannan shi ne abu mafi araha a cikin kasafin, kuma shi ya fi saurin nuna sakamako. Hanyar ta fito ne daga ƙungiyar Pratham ta Indiya, an gwada ta sau da dama, an kuma kawo ta wasu jihohin arewacin Najeriya. A gwada duk yaran aji uku zuwa biyar, a raba su bisa matakin karatunsu, ba bisa ajinsu ba: 'yan baƙi, 'yan gaɓa da kalma, 'yan sakin layi da labari. A ware awa ɗaya kullum, da safe ya fi, na tsawon mako shida zuwa takwas. Kowane malami ya riƙe rukuni ɗaya. Bayan kowane mako biyu a sake gwadawa, wanda ya iya ya hau rukuni na gaba.

Kayan aikin kwali ne da maka da almakashi don yin katunan baƙaƙe da gaɓoɓi, da alli mai yawa domin yara su riƙa rubutu a daɓe, da karan dawa da aka yanka guntu-guntu ana ɗaure goma-goma da roba don koyon goma da ɗaiɗai da aro. Abin da ke kashe wannan shirin shi ne a mayar da shi darasin yamma na kuɗi, domin yaran da suka fi buƙatarsa su ne masu talla da kiwo da ɗiban ruwa da yamma, ga kuma Islamiyya. Haka nan kada a sa wa rukunin ƙasa suna mai kunyatarwa. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya da aka kira daƙiƙiya a gaban ƙannenta ba za ta dawo ba. A sanar da sakataren ilimi da jami'in da ke duba makarantar a rubuce kafin a taɓa jadawali.

Malamai

Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kuma NCE ce mafi ƙarancin takardar koyarwa. Kwamiti ba ya ɗaukar malami aiki, amma yana da abin yi. Na farko, a sa malamin da ya fi iya koyar da karatu a aji ɗaya ko biyu. An saba tura gwani aji shida saboda jarrabawar fita, a bar wa ƙanana wanda ya rage, alhali a ƙasa ake yin asarar da ba ta gyaruwa da sauƙi. Na biyu, a rubuta wa sakataren ilimi takarda mai alƙaluma: yara kaza, malamai kaza, aji kaza ba shi da malami, da sa hannun shugaban kwamiti da na mai gari. Takarda mai lamba ta fi koke na baki nauyi a ofis.

Idan a garin akwai masu NCE da ke zaune ba aiki, waɗanda suka fito daga kwalejin ilimi ta tarayya da ke Katsina ko ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma, ana iya neman su taimaka, a riƙa ba su alawus daga gudunmawar gari. A rubuta yarjejeniya: aji kaza, kwana kaza a mako, naira kaza, a biya bisa kwanakin da mutum ya zo. Kada a yi alƙawarin abin da ba za a iya biya har ƙarshen shekara ba, domin ajin da malami ya bari a tsakiyar zango ya fi wanda bai taɓa samu ba rikicewa.

Sai maganar lokaci. Idan ana makarar minti 30 kullum, a kwanakin karatu 180 an zubar da awa 90. Mutum biyu daga kwamiti su riƙa leƙowa sau biyu a mako ba tare da sanarwa ba, su gaisa da malamai cikin mutunci, su rubuta abin da suka gani. Kafin a kai ƙarar malami, a tambaye shi dalili. Sau da yawa nisa ne da kuɗin mota, kuma ɗaki ɗaya da gari zai ba malami ko malama mai zuwa daga nesa ya fi takardar gargaɗi goma aiki.

Gini: rufi, allo, daɓe, sannan benci

Ruwan sama a Katsina da Daura yana kankama ne daga Yuni zuwa Satumba, amma iskar da ke yaye kwano tana rigan shi zuwa. A gama duk aikin rufi kafin ƙarshen Afrilu. Kwano ba ya tashi don ya tsufa kawai, yana tashi ne don katakon da ke ƙarƙashinsa ba a ɗaure shi da bango ba, ko gara ta cinye shi. Kafinta ya hau ya soka kowane katako da ƙusa, ya canza wanda ya yi laushi, a shafa wa sabon maganin gara, a ɗaure shi da langa-langa ko rodi da aka dasa cikin bango. Sabon kwano a kan ruɓaɓɓen katako ba ya kai damina biyu. A rufe tagogi da ƙofofi idan hadari ya taso, domin iskar da ta shiga aji ita ke tura rufin daga ciki.

Allo shi ne abin da ya fi kowane gyara arha da amfani. A goge tsohon, a yi masa sabon shafe mai santsi, a bar shi ya bushe sosai, a yi fentin allo hannu biyu. Fentin mai ƙyalli ba ya kama alli kuma yana ɗaukar ido. Faɗinsa ya kai mita uku, kuma a ƙananan azuzuwa a sauko da gindinsa yadda ɗan aji ɗaya zai iya rubutu a kai. Wani ya zauna a layin ƙarshe da tsakar rana ya tabbatar yana ganin rubutun kafin a biya mai aikin.

Daɓe yana gaba da benci, domin benci a kan ramuka ƙafafunsa suke karyewa. Aji mai mita 7 da 8, idan za a zuba masa kankare mai kaurin santimita 10 a ma'aunin siminti ɗaya, yashi uku, tsakuwa shida, zai ci buhun siminti kusan 25. A aikace, kowane buhu yana tafiya da kwanon sarki shida na yashi da goma sha biyu na tsakuwa. Ɗan kwamiti ya tsaya yana ƙirga buhunan da aka fasa, a kuma ajiye takardunsu. A daddaɓe ƙasar sosai kafin zubi, bayan zubi kuma a yi ta ba shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai. Daɓen da ke farfashewa cikin shekara ɗaya, ko an rage siminti ne ko an hana shi ruwa, kuma a zafin bazara na biyun ya fi yawa. Siminti kada a saye shi sai aiki ya zo, kada kuma a jibge shi a ƙasa.

Kafin a sayi sabon benci, a fito da karyayyun da aka tara a ajin da ba a amfani da shi. Galibi kafinta da mai walda za su tayar da da yawa daga cikinsu da kuɗin da bai kai na sababbi ba. Idan za a yi sababbi, a auna da tsawon yaran, ƙafar ɗan aji ɗaya ta taɓa ƙasa. Inda kuɗi bai kai ba, tabarma mai tsabta a kan daɓe mai kyau ta wadatar wa aji ɗaya.

Fentin waje da ƙofar shiga da allon suna su ne na ƙarshe. Katanga kuwa magana ce mai nauyi, musamman tun bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamba 2020, kuma ba wanda zai ce wa iyaye tsoronsu ba shi da tushe. Amma ƙaramin tallafi ba ya kewaye makaranta, sai dai ya ƙare a rabin katanga, ba tsaro ba littafi. A nemi katanga daga SUBEB ko ƙaramar hukuma ko ɗan majalisa, a rubuce, a kuma yi ta bibiya.

Ruwa da makewayi

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga makarantar jeka-ka-dawo shi ne lita 5 ga kowane mutum a rana, makewayi ɗaya ga 'yan mata 25, ɗaya kuma da wurin fitsari ga maza 50. Makarantar yara 400, rabi mata, tana buƙatar lita 2,000 a rana, da ɗaki takwas na mata da huɗu na maza. Kaɗan ne suka kai haka, don haka a fara da gyara waɗanda ake da su: ƙofa mai sakata daga ciki, na mata nesa da na maza kuma ƙofarsa ba ta kallon fili, buta da ruwa a ciki. Yarinyar da ta fara girma, in ba wannan, gida take tafiya lokacin tara, kuma ba ta dawowa ranar. Ramin masai ya yi nisan aƙalla mita 30 da rijiya. Famfon tuƙa-tuƙa da ya tsaya, sau da yawa roba ce ta cinye ko sarƙa ta tsinke, don haka a kira makanikin famfo ko a tuntuɓi RUWASSA, hukumar samar da ruwa a karkara ta jiha, kafin a fara maganar haƙa sabuwar rijiyar burtsatse.

Riƙon kuɗin

A Uganda an bincika aka gano cewa tsakanin 1991 da 1995, kashi 13 cikin 100 ne kawai na tallafin da gwamnati ke ware wa makarantu yake isa gare su. Da aka fara buga adadin a jaridu, ana kuma liƙa shi a makarantu, zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. Don haka ranar da kuɗi ya shigo, a rubuta adadinsa da ranarsa a kwali a liƙa a bangon makaranta, a roƙi liman ya sanar bayan sallar Juma'a, shugabar ƙungiyar iyaye mata kuma ta kai labarin cikin gidaje.

Asusun ya kasance da sunan kwamiti, ba da sunan mutum ba. Masu sa hannu uku, ba a fitar da kuɗi sai da biyu, kuma kada kowa ya sa hannu a cekin da ba a cike ba, ko da zai yi tafiya. Kowane kashewa ya fito daga tsarin da aka amince da shi a zama, aka rubuta, mahalarta suka sa hannu. A karɓo farashi daga wuri uku. Ɗan kwamitin da ke sayar da siminti ko ƙaninsa kafinta ne ya faɗa, ya fita lokacin da ake yanke shawara. Mai sayowa daban, masu karɓa su ƙirga daban, kuma a cikin masu karɓar a sa mace ɗaya da malamin aji. Mai aiki a biya shi kashi uku: 40 a farko, 40 a tsakiya, 20 bayan an duba aikin. Wanda aka biya duka tun farko, sai an bi shi da roƙo.

Ma'aji ya riƙe littafi ɗaya mai layi biyar: rana, abin da aka yi, shiga, fita, saura. Kowane rasit a ba shi lamba, a ɗauki hotonsa da waya a ranar, domin rubutun wasu rasitan yana gogewa. Mai yashi da lebura da ba su da rasit, a rubuta musu takarda su sa hannu ko su dangwala.

Akwai kuma wata ɓaraka da ba sata ba ce. A Indiya da Zambiya an ga cewa idan iyaye suka san tallafi yana zuwa, sai su rage abin da suke saya wa yaransu, har amfanin tallafin ya shafe. A taron iyaye a faɗa dalla-dalla abin da kuɗin zai ɗauka da abin da ya rage a wuyan uba. Gudunmawa kuma ta zama ta ganin dama, da kuɗi ko yashi ko aikin hannu. Doka ta ce ilimin farko kyauta ne, kuma ba a korar yaro don ubansa bai bayar ba.

A sake aunawa

A ƙarshen zango na uku a maimaita gwajin, da sabon sakin layi da sabon labari masu nauyi ɗaya da na farko, da irin zaɓen yaran da aka yi a baya. A jera alƙaluman biyu gefe da gefe, maza daban mata daban, a liƙa kusa da takardar kuɗi. Lambar da za ku fi zuba wa ido ita ce ta yaran da ba su wuce baƙi ba, domin ita ce ta fi saurin sauka idan aiki yana tafiya.

Idan ba ta sauka ba, ku bi sawu da tsari. Ku fara da rajista: yaran da suka tsaya cak, kwana nawa suka zo, kuma ko fashin ya taru ne a lokacin shuka da girbi da ranakun kasuwa? Idan haka ne, aikin na mai unguwa ne da iyaye mata, gida-gida, da sunayen yaran a hannu. Idan suna zuwa, ku duba ko awar cike giɓin ana yin ta ko ta koma kwafar rubutu daga allo. Sannan ku buɗe akwatin littattafai ku ga ko sun yi datti. Idan duk wannan yana daidai, to malaman ne ke buƙatar horo a kan koyar da haɗa sauti, sai a sa shi a kan gaba a kasafin baɗi, a kuma nemi sakataren ilimi ya turo wanda zai zauna da su a aji.

Kwafi ɗaya na sakamakon da na lissafin kuɗi ya tafi ofishin sakataren ilimi, ɗaya ya zauna wurin shugaban kwamiti, ba a ofishin makaranta kaɗai ba. Ana yi wa hedimasta canjin wurin aiki a kowane lokaci, kuma ranar da zai tafi a zauna a ƙirga littattafai da benci da ragowar kuɗin asusu a gaban wanda zai gaje shi, su biyun su sa hannu, sannan a je banki a canza sunan mai sa hannu a cikin makon.